Esi mai inbata ko marar inbata? Amsar tambayar Malam Nasiru

Malam Nasiru, ka ce ka kammala ɗaki biyu a Badariya, kana so ka sa esi, wato na'urar sanyaya ɗaki, kafin bazara ta kankama, mai shago kuma ya nuna maka iri biyu, mai inbata da marar inbata, na farkon ya fi tsada. Kana tambaya ko ƙarin kuɗin zai biya kansa. Duka biyun na yi amfani da su a nan Birnin Kebbi.

Inbatan da ake nufi ba na sola ba ne, da yawa suna rikita su. Wani allo ne a cikin esin da ke sarrafa gudun kwamfuresa, wato injin da ke tura gas ɗin sanyi. Marar inbata gudu ɗaya ya sani: ya tashi da dukkan ƙarfinsa, ɗaki ya yi sanyi ya mutu, ɗaki ya ɗumama ya sake zabura. Kowace zabura sai ya fizgi wuta ninkin-ba-ninkin abin da yake ci in ya daidaita. Shi ya sa za ka ga ƙwan fitila ya dushe, janareta ya yi gurnani kamar an shaƙe shi. Mai inbata a hankali yake tashi, in ɗaki ya kai sanyin da ka saita sai ya sassauta ya ci gaba da tafiyar hawainiya. Ga mai ƙaramin janareta ko sola, wannan kaɗai ya isa dalili.

Wajen cin wuta, esi mai ƙarfin hos (horsepower) ɗaya da rabi kan ci yunit ɗaya da ɗoriya a awa muddin kwamfuresa na gudu sosai. Tun da hukumar kula da harkar lantarki ta NERC ta kai yunit naira 225 ga masu Band A, wato rukunin da aka fi ba wuta, a Afrilun 2024, kowa ya koyi leƙa mita kafin ya kwanta. Da dare, bayan gari ya ɗan huce, a nan mai inbata ke nuna kansa.

Inda marar inbata ya yi zarra shi ne gyara. Kusan kowane mai gyaran firji ya san cikinsa. Allon mai inbata kuwa ba ya son wutar da ke hawa da sauka. Nawa ya taɓa ƙonewa, na yi kwana tara ina kwana a tsakar gida ina jiran a kawo wani daga Kano. In za ka saya, ka lissafa da stabilaiza tun daga shago.

Amma ga abin da mai shago ba zai faɗa maka ba. Tsimin mai inbata yana zuwa ne lokacin da ya samu damar sassautawa. A watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40, kwano na gasa ɗaki daga sama, ba zai taɓa sassautawa ba. Gudun da marar inbata ke yi shi ma shi zai yi. Na taɓa hawa kujera da azahar na dafa silin ɗakina, kamar murfin tukunya. Sai da na sa aka shimfiɗa abin tare zafi tsakanin kwano da silin, na yi wa tagar yamma rumfa, sannan na fara jin esin yana lafawa da rana.

Ƙa'idar tsimin makamashi a gine-gine da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2017 ma haɗe ta kawo su: esi ya zama mai inbata, rufi ya samu abin tare zafi, tagogi kada su wuce kashi 20 cikin ɗari na bango sai an yi musu inuwa. Magina nawa ne a garin nan suka taɓa jin labarinta, wannan magana ce ta wata rana.

Ni dai, in kullum za ka kwana da shi, mai inbata zan ce ka ɗauka, ka duba takardar taurari ta hukumar ingancin kaya, SON, mai nuna tsimin wuta, a jikinsa, kuma ka guji tokumbo mai gas ɗin R22, domin ana kan janye shi daga kasuwa. In ɗakin baƙi ne da sai lokacin sallah ake buɗewa, marar inbata ya wadatar. Kafin ka biya ko sisi, gaya mana abin da ke tsakanin kwanonka da silin, da kuma ɓangaren da tagoginka ke kallo.