Firintar buga riguna da kofuna: wacce za ka saya da toshewa ba za ta karya ka ba?

Mai shirin shiga sana'ar buga hoto a riga, kofi da hula, da zarar ya shiga shago abin da yake fara tambaya shi ne wace firinta ce ta fi fitar da hoto tas. Ni kuwa shawarata ka fara da wata tambayar: ranar da ta toshe, nawa za ta ci maka kafin ta dawo aiki, kuma wa zai gyara ta a garinku? Domin toshewa dole ce. Tawadar sublimeshan, wadda zafi ke shigar da ita cikin yadi ko jikin kofi, da ta figiment, mai garin launi, duk ƙananan ƙwayoyi ne ke yawo cikin ruwa, ƙofofin da suke fitowa kuma sun fi silin gashi siranta. Ka haɗa wannan da bushewar hunturu, ƙurar da ke shigowa ko taga na rufe, da wutar da ake ɗaukewa ana tsakiyar bugu, sai ka ga dalilin da ya sa firintar da ke lafiya lau a wata ƙasa take wahalar da mu a Kano, Sakkwato ko Maraɗi.

Abu na farko shi ne irin hed ɗin, wato kan da ke fesa tawada a takarda. Firintocin Canon da HP na gida suna dumama tawada ne ta tafasa ta yi kumfa, kumfar ta tunkuɗo ɗigon. Tawadar sublimeshan kuwa zafi ne ke tayar da ita ta koma tururi, saboda haka ita da irin wannan hed ba sa ga maciji. In takardar mannawa kawai za ka riƙa bugawa don rigar auduga, Canon za ta yi, amma iyakarta ke nan. Epson tana amfani da hed ɗin da ta sa wa suna Micro Piezo, wanda lantarki ke motsa wani ɗan ɓangare a cikinsa ya matso tawada ba tare da zafi ba. Shi ya sa kusan duk masu wannan sana'a Epson ce a teburinsu.

A cikinsu, wadda nake tura kowane sabon shiga ya saya ita ce L3210, ko 'yar'uwarta L3250 mai Wi-Fi. In ba ka buƙatar sikana, L1210 ita ce mai bugu zalla a wannan dangi. Na san wasu za su taɓe baki su ce ai wannan firintar ofis ce, ta buga takardun makaranta. Haka ne, kuma abin da ya sa nake ƙaunarta ke nan.

Launinta huɗu ne: baƙi, shuɗi, ja mai ruwan hoda da rawaya. Tanki huɗu, bututu huɗu. Kusan kowane zane da za ka buga, ko tambarin makaranta ne, ko hoton amarya da ango a kofi, ko lambar rigar 'yan ƙwallon unguwa, sai ya taɓa dukkan huɗun. Launin da ke gudana kullum ba ya samun damar bushewa. Takarda kuma ta baya take shiga, ta gangaro ba tare da ta naɗe sosai ba, wanda ya dace da takardar mannawa mai kauri. Ga kuma abin da ya fi komai a wurina: wannan dangi, tun daga L3110 da ta gabace ta, ya cika shagunan kwamfuta da na ɗaukar hoto, don haka mai gyara a garinku ya buɗe irinta sau ba adadi. Hed ɗinta, famfonta, robar da hed ke zama a kanta, duk ana samu, in ba a kusa ba to daga Computer Village ta Ikeja a sa maka a mota. Kuma ko abin ya kai maƙura hed ya mutu, asarar ba ta kai ta rufe maka shago ba. Akwai masu sana'ar da suka gwammace su ajiye biyu irinta, ɗaya na aiki ɗaya na jira, a kan su sayi babba guda ɗaya, kuma ina ganin dabararsu ta yi daidai, musamman lokacin siyasa ko saukar karatu da aiki ke zuwa a jibge.

Tana da nakasu, ba zan ɓoye ba. A4 ce iyakarta, babban zane a bayan riga sai ka raba shi biyu. Soson da ke shan tawadar wankin hed a cikinta yake, in ya cika firinta za ta tsaya cak fitilu na walƙiya har sai an canza shi an mayar da lissafinsa baya. Sannan Epson ba ta ɗaukar nauyin lalacewar da tawadar wani kamfani ta jawo, don haka ranar da ka zuba mata sublimeshan ka san ka yi sallama da garanti. Na amince da duk wannan saboda arhar gyaranta.

Masu launi shida, wato L805 da L1800 da magadansu L8050 da L18050, su ne abin da dillalai suka fi tallatawa. A takardar hoto mai sheƙi babu musu sun fi, fatar fuska tana fita sumul. Amma a yadi, tawada tururi take zama ta ɗan baje cikin zare, sai mafi yawan wannan bambanci ya ɓace. Abin da ya rage maka shi ne ƙarin tankuna biyu, shuɗi mai haske da ja mai haske, waɗanda aikin tambari da rubutu bai cika taɓawa ba, kuma su ne suke fara kafewa. Abu guda na yaba wa L8050: akwatin tawadar wankinta kana iya zarewa ka sa sabo da hannunka. In lallai aikinka na buƙatar A3, L1800 da L18050 ne masu A3 a wannan layi, amma ka shiga da saninka.

SureColor SC-F100, wadda a Amurka ake sayar da irinta da sunan F170, don sublimeshan aka ƙera ta tun farko, da tawadarta ta Epson da garantinta. Firinta ce ta kirki. Kafin ka biya, ka tabbatar akwai inda za ka riƙa samun tawadarta ba yankewa, don in za ka koma zuba mata ta kasuwa, kuɗin da ka ƙara ya tafi a banza. Sawgrass SG500 kuwa tana wanke kanta da kanta ne muddin tana jone da wuta dare da rana, sannan harsashin tawadarta, wato ƙwanson da tawadar ke zuwa a ciki, daga waje yake zuwa da tsada. Wanda ke rayuwa tsakanin NEPA da janareta ya bar ta kawai.

Sai L1800 ɗin da ake juyawa ta koma ta DTF, wato bugun da ake yi a leda a manna a yadi, don buga baƙar riga. Farar tawadar da take amfani da ita tana da nauyi, tana kwantawa a gindin tanki da cikin bututu in ta ɗan zauna, firintar kuma ba a yi ta da abin juya tawada ba. Kai aikinka wurin masu babban inji su buga maka a leda, ka dawo ka manna da injinka na zafi, ya fi maka kwanciyar hankali.

Kafin in shiga maganar mayaudara, ya kamata ka san yadda ake karanta toshewa, don da wannan ilimi za ka gwada firinta a shago. Akwai takardar gwaji da ake kira Nozzle Check, tana fitar da layuka kamar matakala ga kowane launi. A L3210 ba ka ma buƙatar kwamfuta: ka kashe ta, ka danne maɓallin tsayarwa, ka kunna. In giɓin yana wuri ɗaya duk lokacin da ka maimaita, tawada ce ta bushe a ƙofa. In yana yawo, yau nan gobe can, iska ce ta shiga hanya, kuma yawan wanki ƙara ta yake yi. In launi guda ya ɓace baki ɗaya, ka duba famfo da robar mazaunin hed, wataƙila datti ya hana ta kamewa. Littafin Epson kansa cewa ya yi in ka yi wanki sau 3 bai gyaru ba, ka bar ta aƙalla awa 12 ba bugu sannan ka sake gwadawa. Babban wanki, wato Power Cleaning, sai tankuna sun kai kashi ɗaya cikin uku, shi ma awa 12 ake bari tsakaninsa da wani, kuma yana saurin cika soso. Gaggawa ce ke kashe yawancin hed. A kashe firinta da maɓallinta, ba a zare waya ba, don hed ya koma mazauninsa ya rufu. Saboda haka ƙaramar UPS, na'urar da ke riƙe wuta in an ɗauke, tana cikin kuɗin firinta, kada ka lissafa ta daban. Ka buga ɗan shafi mai launuka huɗu kullum ko babu aiki, ka lulluɓe ta da yadi in ka tashi.

Yanzu ga inda kuɗin mutane ke salwanta. Na taɓa sayen firinta ta hannu wurin wani mutum da ya rantse mini wata biyu kacal ta yi aiki. Ya buga hoto mai kyau a gabana. Ashe da safiyar ranar aka dirka wa hed ɗin ruwan wanki da sirinji, ya buɗe na ɗan lokaci. Ba a jima ba shuɗi ya fara kwarara cikin rawaya, alamar matsin sirinjin ya fasa bangon da ke raba launuka a ciki, wanda ba shi da gyara. Aikin rigunan wata Islamiyya na hannuna a lokacin, sai da na kai shi wani shago na biya daga aljihuna. Tun daga nan na daina kallon hoton da mai sayarwa ya zaɓa. Hoto mai hayaniya yana ɓoye giɓi. Ka nemi takardar gwaji, ka tsaya a buga ta a gabanka, sannan a buga shafi cike da kowane launi shi kaɗai. A jikin takardar gwajin akwai jimillar shafukan da firintar ta taɓa ja, ka karanta ka gwada da labarin da aka ba ka. Wanda ya hana ka wannan gwaji ya riga ya faɗa maka gaskiya. In da hali ma ka ce za ka dawo gobe da safe a sake kafin ka biya.

Har a sabuwa akwai ha'inci. Sabuwar firinta tankunanta a bushe suke ƙaf, bututunta fari tas, kwalaben tawadarta a rufe cikin ledarsu. In ka ga ɗigon launi a bututu, an riga an zuba mata wani abu, ko da kwalin ya sha salatef. Wasu za su ce sun taimaka maka ne sun juya ta zuwa sublimeshan. Babu wani juyi a ciki, zuba tawada ne kawai a tanki, kai ma za ka iya. Abin da suke yi shi ne su riƙe kwalaben asali su sayar daban, su zuba maka abin da ba ka san asalinsa ba, wani lokaci ma a firintar da ta riga ta sha tawadar ofis aka zuƙe. Haɗuwar tawada iri biyu a hanya ɗaya na iya sa su dunƙule, kuma nan toshewar da ba ta jin magani take farawa. Ka duba lambar da ke jikin kwali ta zo ɗaya da ta bayan firinta, ka karɓi kwalabenka, ka zuba sublimeshan da hannunka tun ranar farko.

Tawadar ita ce babbar kasuwar jabu. Ana ɗura tawadar ofis mai arha a kwalba a manna mata takardar sublimeshan. Ana sayar da wadda ta daɗe a rana har ta fara rabuwa, a kankare ranar lalacewarta. Araha ba ta ado, a nan kuwa har hed take ci. Gwajinta ba wuya: ka sa mai shago ya buga maka ja, shuɗi da baƙi daga kwalbar da zai sayar maka, ka manna a kan farin ƙyallen foliyesta a zafin da ya kai wajen digiri 200 na kimanin minti ɗaya. Ta gaskiya a takarda dishi-dishi take fitowa, baƙinta kamar ƙasa-ƙasa, sai ta hau yadi ta haska, kuma ko ka cuɗa da sabulu ba ta motsi. Ta jabu a takarda take ƙyalli, a yadi ta fito fayau, ruwa ɗaya ya tafi da ita. In ka dace da mai kyau, ka riƙe sunanta da mai sayar da ita, kada ka ƙara wata a kanta don an rage maka ɗari biyar.

Haka ruwan wankin hed. Na ga ana sayar da ruwa mai launi a robar da ba suna, na ga masu gyara da ke zuba sifirit ko tafasasshen ruwa. In ruwa ya taɓa siririyar wayar da ke shiga hed aka kunna kafin ta bushe, allon firinta ne zai ƙone, gyaran ya ninka. Mai gyaran kirki tsumma mara gashi yake jiƙawa da ruwan wanki na ainihi, ya shimfiɗa ƙarƙashin hed, ya bar shi ya kwana, ya goge mazauninsa da robar sharewa. Sirinji shi ne makaminsa na ƙarshe, kuma a hankali yake tura shi. Idan kuma aka ce sai an canza hed, ka nemi a buɗe sabon a gabanka a ba ka tsohonka ka tafi da shi, domin wanda aka ciro daga firintar wani aka wanke shi ne ake sayar wa na gaba a matsayin sabo.