Gargaɗi ga masu haya a Kumasi: kada ku miƙa makulli kafin a duba ɗaki

Assalamu alaikum 'yan uwa na Aboabo, Asawase, Sawaba, Tafo da sauran unguwanninmu. Akwai wata cuta da ake yi wa masu haya, ta fi yawa a gidajen da masu su ba sa gari, wani yana Accra, wani yana Ingila ko Amurka, an bar gidan a hannun mai kula. Ba duk masu kula da gidaje ne macuta ba, akwai masu tsoron Allah a cikinsu. Amma masu cutar hanya ɗaya suke bi, shi ya sa nake so kowa ya san ta.

Tun ranar shiga ake ɗana tarkon. Ka biya adibas na shekara ɗaya ko biyu, ka sallami dillali da kashi 10 ɗinsa, aljihunka ya riga ya bushe, sai mai kula ya ce saura kuɗin ajiya, wai na ɓarna, za a mayar maka ranar da za ka tashi. Rasit ɗin adibas yakan fito da sunan mai gida, na ajiya kuwa babu shi. In ka tambaya sai ya yi murmushi: "Haba Malam, ni da kai har sai an rubuta? Sahu ɗaya fa muke salla." Kunya ta kama ka, ka ƙirga masa hannu da hannu.

Ranar tashi kuma ba za ka gan shi ba. Motar kaya tana tsaye a ƙofar gida, direba yana ta oda, shi kuwa a waya zai ce maka ya tafi jana'iza, ka bar makulli wurin mai shagon waje, gobe zai duba. Bayan kwana biyu sai ya kira ka da dogon lissafi: tayil ya tsage, ragar sauro ta yage, kan famfo ya lalace, bango na son fenti, ga bashin ruwa, ga kuɗin bola, ga na kwashe masai. Ku lura da kyau, jimillar ba ta taɓa gaza kuɗin ajiyarka. Ko ta cinye shi daidai, ko ta ɗara, ya ce ya yafe maka cikon don zumunci. Kai kuma ba ka da bakin musu, domin ɗakin ya bar hannunka, wani lokacin ma sabon ɗan haya ya riga ya shimfiɗa katifarsa, bayan an karɓi nasa kuɗin ajiyar, an kuma sa shi ya yi fenti da kuɗinsa. Idan ka samo lambar mai gida ka kira, zai rantse maka bai taɓa jin labarin wani kuɗin ajiya ba, kuma sau da yawa gaskiya yake faɗa.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne waɗanda ake zaɓa. Ba a yi wa mai baki. Bazawara mai sayar da koko da ƙosai, ko yaron da ya sauko daga Bawku ko Tamale neman abinci, su ake yi wa, waɗanda kuɗin nan shi ne cikon adibas ɗin sabon ɗakinsu. Hausawa sun ce kunyar marar kunya asara ce. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, saboda haka wanda ya ce a rubuta bai zargi kowa ba.

In kana shirin tashi, tun wata guda kafin ranar ka sanar da mai gidan kansa a rubuce, ko da ta WhatsApp ne, ka ambaci nawa ka ajiye da wanda ya karɓa. A nan za ka gane ko ya san da kuɗin, tun kana cikin ɗaki. Ka ɗauko takardar yarjejeniya ka karanta, ko ka ba wanda ya iya Turanci ya karanta maka. Idan an rubuta cewa za ka yi fenti kafin ka fita, to ka yi da kanka, ya fi sauƙi nesa ba kusa ba da a yi maka lissafinsa. Abin da kai ka fasa ka gyara, hakki ne. Amma rufin da ke yoyo tun kafin ka zo, ko fentin da shekaru suka koɗar, wannan tsufan gida ne, kada ka yarda a ɗora maka.

Ka kwashe kaya, ka share, sannan ka ɗauki bidiyon ɗakin da rana: bango, sili, ƙofa, taga, banɗaki, ka kunna kowane ƙwan lantarki, ka buɗe famfo. Ka ɗauki hoton mitar wuta ta ECG, wato kamfanin lantarki, yadda lambarta da ragowar kuɗin ciki za su fito, da takardar ruwa ta ƙarshe da ka biya. Dubawar kuma a yi ta kana tsaye, da shaidu biyu, ɗaya daga cikin gidan, ɗaya dattijon unguwa. A rubuta abin da aka gani da abin da za a cire, kowa ya sa hannu. Sai bayan haka makulli ya bar aljihunka. Idan ya ce ba shi da lokaci, kaya su tafi, makulli ya kwana wurinka, muddin kwanakin hayarka ba su ƙare ba. Don haka kada ka bar tashi sai ranar ƙarshe.

Wanda aka riga aka cuta kada ya ce ya bar wa Allah alhali yana da hanya. A fara da liman ko mai unguwa. In abin ya gagara, akwai ofishin Rent Control a Kumasi, wato hukumar kula da harkar haya, ƙarƙashin ma'aikatar ayyuka da gidaje, suna kiran ɓangarorin biyu su saurare su, suna kuma iya tura magana kotu. Dokar haya ta 1963, wato Act 220, ta hana karɓar adibas fiye da na wata 6, ko da yake kowa ya san yadda ake take ta. Wanda kuwa ya karɓi kuɗi da sunan mai gida alhali ba a aike shi ba, wannan zamba ce, maganar 'yan sanda ce.

Masu shirin shiga sabon ɗaki, in dole ne ku ba da ajiya, ku tura ta MoMo, wato aika kuɗi ta waya, ku duba sunan da ya fito kafin ku danna, ku adana saƙon, kuma ku nemi rasit mai ɗauke da kalmar ajiya da sa hannun mai gida. Ku ɗauki hoton ɗakin kafin ku shigar da tabarma. In da hali ku nemi wanda ya tashi daga ɗakin, ku tambaye shi ko an mayar masa da nasa.