Wuƙar Ek ko ta Randall: amsa ga Malam

Malam, ka tambaya wace tsohuwar wuƙar soja za ka saya, ta Ek ko ta Randall. In ta lokacin Yaƙin Duniya na Biyu kake nema, ɗauki ta Ek kawai.

Tawa tana nan a akwati. John Ek ya fara ƙera su ne a 1941 a garin Hamden, jihar Konetikat ta Amurka, kuma yawancin ma'aikatansa nakasassu ne. Ba kwalliya ko kaɗan a jikinta. Ƙarfen ruwan wuƙar ya zarce har ƙarshen ƙota, ya ma ɗan leƙo waje, an rufe shi da katako biyu masu tauri, sannan aka narka dalma aka zuba a ramuka ta zama ƙusa. Na taɓa nuna wa wani dattijon maƙeri a unguwarmu. Ya daɗe yana jujjuya ta, yana shafa ƙusoshin nan da babban yatsa, sai ya ce wanda ya yi wannan ya san soja ba ya yawo da maƙera: in ƙota ta yi lako-lako, a ɗora a dutse a ɗan daddaki dalmar, ta koma daram. Ranar ya ƙi karɓar ko sisi na wasa min wuƙaƙen gida.

Abin da ya fi muhimmanci gare ka shi ne sanin shekarunta, kuma a nan Ek ta sauƙaƙa aiki. Tana da lamba, tana da sunan gari. In ka ga Hamden, ta farko ce. A 1949 John Ek ya koma Miyami, don haka duk wadda aka buga wa Miyami ba ta ga yaƙin ba, komai daɗin bakin mai ita.

Randall kuwa, wuƙa ce mai kyau, ban musa ba, ta Orlando a Fulorida, ƙotarta faifan fata da aka jera. Amma ba lamba, ba shekara, sai ka yi ta ƙwaƙwar kube da maɓallinsa da dutsen wasa wuƙar da ke zuwa da shi kafin ka gane shekarunta, ga tsada kamar me, ga har yau ana ƙera irinta, wadda suke kira samfuri na ɗaya.

Ba ka tambaya ba, amma ka kula da 'yan damfara. Wani zai samo tsohon kube ya zura wuƙar baya-bayan nan a ciki. Wani zai jiƙa ƙarfe ya yi tsatsar ƙarya, ya haɗa maka da labarin kakansa da ya yi yaƙi da Japan. Labari ba takarda, kada ka ƙara masa ko kwabo. Ka sa a turo maka hoton tambarin da lambar dab da dab, da rana tsaka. Wanda ya fara kame-kame, rabu da shi.

In ta zo hannunka, don Allah kada ka goge ta da sanfefa, kada ka wasa ta. Ɗan mai kaɗan a tsumma ya isa, kuma ka ajiye ta daban da kuben, domin fata tana riƙe danshi, musamman da damina.