Injin fetur ko na sola, wanne ya fi dacewa da gonar ƙungiya?

Tun da aka cire tallafin mai a 2023 maganar kenan a bakin masu noman rani a fadamun Argungu da Augie, a ci gaba da injin fetur ko a haɗa kuɗi a sa sola.

Injin fetur dai kowa ya san shi, da sauƙin saye, ka ɗaura shi a bayan mashin ka kai duk rijiyar da kake so, ka jona tiyo ka ja igiya, ko tsakar dare ne ruwa zai taso da ƙarfi, in ya lalace bakanike na nan kusa. Amma shinkafa ba ta jure ƙishi, a zafin Maris da Afrilu kullum hannunka na aljihu, ga baƙin mai, kuma a gonar haɗaka nan rigima ke farawa, wanda bai kawo kuɗin mai ba a hana shi ruwa ne shukarsa ta ƙone?

Sola kuɗin farko ne mai nauyi wallahi. Sannan ruwanta rana yake bi, da sassafe siriri, sai hantsi ya ɗaga yake cika tiyo, lokacin hazo kuma dole a riƙa goge ƙurar farantan, ga ɓarayi, sai an sa maigadi.

Ni dai sola na zaɓa wa gonar jama'a, amma a tsara layin ban ruwa a rubuce, na can ƙarshen kwata su samu na tsakar rana tunda hanya na shanye musu, a kuma ajiye injin fetur ɗaya saboda ranar da famfon ya tsaya.