Shagon turi na bayan tasha da foldar da ake kira "Hayaniya"

Sana'ata gyaran injin ban-ruwa. Da zarar an shiga noman rani a fadamar Birnin Kebbi, ni da hutu sai dare, kuma duk wanda ya wuni kusa da inji yana bugawa tun hantsi har la'asar sakaliya, kunnensa ba ya ƙara gamsuwa da kiɗa mai sanyi. Ina jin waƙoƙin fina-finanmu, a gidana ma su ake sawa. Amma idan na tsuguna gaban inji, hannuwana dumu-dumu da baƙin mai, abin da raina ke so shi ne jita mai kaushi da ganga mai gudu. Na daɗe ina neman inda zan riƙa samun sababbin waƙoƙi irin waɗannan a garin nan ban dace ba, sai bara, a wani ɗan shagon caji da turi da ke bayan tasha.

Kwantena ce ƙarama, shuɗin fentinta duk rana ta cinye. A ciki akwai allon caji mai cin waya wajen arba'in, kowace an manna mata lamba, sai tsohuwar kwamfuta ta kan tebur, benci ɗaya, da farantan sola biyu a kan rufi. Mai shagon matashi ne da bai kai talatin ba. Mahaifiyarsa 'yar Gaya ta Nijar ce, don haka yana jin Zabarmanci da ɗan Faransanci, kuma direbobin da ke bin hanyar Kamba duk sun san shi. Yawancin masu zuwa fina-finan Hausa suke so, ko fassarar Indiya, ko wa'azi da karatun Alƙur'ani. Da wannan yake ci.

Ranar da na fara zuwa caji kawai ya kai ni. Ina zaune kan benci sai na ji wani abu na tashi ƙasa-ƙasa daga sifikarsa, jita tana kuka kamar ana jan zarto a kan ƙarfe, ganga na binta a guje. Na ce, "Ƙanena, wanga kiɗi na ina ne?" Ya waiwayo da mamaki, ya ce, "Injiniya, ashe kana jin irin wagga hayaniya? Kowa yaz zo sai shi ce in kashe ta." Na ce ya ƙara murya. Ranar ban bar wurin ba sai da aka kira magariba.

Sunan da mutane suka laƙaba wa kiɗan shi ya sa wa foldar: Hayaniya. Ya raba ta uku, ta Nijar, ta gabashin Afirka, sai ta Turai da Amurka. Kusan duk abin da ke ciki na mawaƙan bayan fage ne, waɗanda gidajen rediyonmu ba su san da zamansu ba, masu kiɗan rok, masu pank (wato rok mai gudu da kaushi), da masu haɗa jita da kiɗan na'ura.

Ta Nijar ce ta fara kama ni, kuma a nan ne na gane yaron ya san abin da yake sayarwa. Da ya sa mini Mdou Moctar, Buzun nan bahago mai kaɗa jita, ban san komai game da shi ba. Shi ya gaya mini cewa kundinsa na farko a Sakkwato aka ɗauke shi a 2008, nan kusa da mu, da irin na'urar lanƙwasa murya da mawaƙan fina-finan Hausa ke amfani da ita. Babu kamfanin da ya tallata shi a lokacin. Daga waya zuwa waya ya yi ta yawo, ta Bluetooth da memori, har wani Ba'amurke mai kamfanin Sahel Sounds ya tsinci ɗaya daga cikin waƙoƙin ya sa ta a wani kundi da ya tattara na waƙoƙin wayoyin mutanen Sahara a 2011, sannan ya shiga neman mai ita. Yau mutumin yana zagaya duniya, kamfanin Matador na Amurka ne ya fitar masa da Afrique Victime a 2021 da Funeral for Justice a 2024. Ina zaune ina kallon tsohuwar kwamfutar nan da ƙura ta rufe, na ce a raina ashe ta irin wannan shagon kiɗan ya bi ya fita duniya. Tun daga ranar na daina ɗaukar sa a matsayin kayan baƙi. Wanda ya taso yana jin gurmi da garaya, in ya kasa kunne zai ji danginsu a cikin jitar nan, wuta kawai aka jona mata.

Daga shi sai Etran de L'Aïr, 'yan Agadas masu kiɗan biki, waɗanda kundinsu na 2024 shi na fi sawa in ina kan babur zuwa Kalgo ko Ambursa. Akwai Tal National na Yamai, da ke waƙa da Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da yaren Buzaye, gangarsu kamar ana tseren dawaki. A ɓangaren na'ura kuwa ya haɗa mini tsoho da yaro a jere: Mamman Sani, wanda ya ɗauki kiɗan fiyanon lantarki a kaset tun 1978 aka sake fitar da shi a 2013, sai Hama na Yamai da kundinsa na 2019, mai ɗaukar karin waƙoƙin sahara yana sake gina su da kwamfuta. Ban roƙe shi ya jera su haka ba. Shi ya ga ya dace in ji tsohon kafin in ji yaron, kuma irin wannan kulawar ce ba ka samu a wurin sauran masu turi, waɗanda za su kwaso maka waƙa dubu su zuba maka kamar tsakuwa.

Foldar gabashin Afirka ta fi wuyar shiga kunne. A ciki akwai Duma, wasu mutum biyu 'yan Nairobi da kamfanin Nyege Nyege Tapes na Kampala ya fitar musu da kundi a 2020. Da farko na ce masa ya cire, wannan ba waƙa ba ce, ihu ne da rugugin na'ura. Ya ce, "Injiniya, ka tai da shi fadama, ka ji shi can." Na tafi da shi. Wata safiya ina gyaran wani inji mai inci uku da ya ƙi jan ruwa, na kwance kabireto na wanke, na canza fulogi, na ɗura ruwa a bakin famfo, na ja igiya. Ya yi tari sau biyu ya kama. Daidai lokacin kiɗan na cikin kunnena ya kai inda gangar na'urar ke bugu ba numfashi, sai bugun injin da nata suka hau kan juna, tiyo ya kumbura, ruwa ya tsinke cikin kwamin shinkafa. Na tsaya riƙe da sifana har waƙar ta ƙare. Mai gonar yana ta yi mini magana ban ji ba. Har yau ba kullum nake iya sauraron su ba, amma ban ƙara cewa ba waƙa ba ce.

Ta Turai da Amurka ita ce ta fi yawan sababbin abubuwa, kusan duk mako sai ya ƙara. Yawancinsu ƙananan ƙungiyoyi ne na mutum biyu ko uku, sun ɗauki waƙar a ɗakin kwana ko garejin mota, wasu ko mai ganga ba su da shi, na'ura ce ke buga musu. Waƙa minti biyu ta ƙare, wata ko minti ɗaya da rabi ba ta kaiwa. Asalin pank ke nan tun da ya ɓullo a tsakiyar shekarun 1970 a biranen Niyok da Landan: ba sai ka ƙware ba, ba sai wani babba ya ba ka izini ba, in kana da abin faɗa ka ɗauki jita ka faɗa. Turancin nasu da sauri yake, rabi nake kamawa, amma haushin da ke cikin muryar ba ya buƙatar tafinta, na kuɗin haya ne, da aikin da ba ya biya, da shugabannin da ba sa ji. Mu ma ai muna da mawaƙan da ba na fada ba. Kassu Zurmi 'yan tauri ya yi wa kiɗa, Gambu na nan jiharmu kowa ya san su wa ya waƙe, kuma ba a ɗauke su a bakin sarakuna ba, a bakin talakawa suka yi suna. Ban ce abu ɗaya ne ba. Zafin ne na ji ya yi kama.

Ta hanya biyu yake samo kayan. Ta farko direbobi da fasinjojin da ke shigowa daga Gaya da Doso, su kawo memori ya kwafa, shi ma ya zuba musu namu. Ya ce lokacin da aka rufe iyaka bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, wannan hanyar ta kusa ƙafewa, sai bayan da Najeriya ta buɗe nata ɓangaren a Maris 2024 abin ya fara dawowa kaɗan-kaɗan. Ta biyu intanet, musamman Bandcamp, inda mawaƙa ke ɗora kayansu da kansu. Da yawa daga ƙananan ƙungiyoyin nan suna barin mai saye ya yanka farashi da kansa, ko da sifili ne. Yana sayen datar dare, ya kwana yana saurare yana zaɓe, goma ya ji ya ɗauki biyu.

Kuɗinsa ba tsada. Caji naira 100, folda ɗaya 200, in kuma memori za a cika maka 500.

Sai dai akwai inda ya gaza, kuma na gaya masa a gabansa kafin in rubuta nan. Na farko, sunayen waƙoƙi. Waɗanda suka zo ta hannun direbobi rabinsu ba suna, lambobi ne kawai, ko a rubuta "jita 14". Akwai wata waƙa da nake so ƙwarai, muryar mace ce a kan jita biyu, wata shida ke nan ina tambaya ba wanda ya san mai ita. Wannan ba laifinsa ba ne kacokan, amma har waɗanda ya sauko da su da kansa wani lokaci yakan bar su a hargitse. Na biyu, yana matse waƙoƙi don su yi yawa a memori. A ƙaramar sifikar waya ba za ka lura ba, amma ka sa abin ji na kunne mai kyau sai ka ji kuge yana shiiii kamar ana soya ƙosai, ƙasan kiɗan kuma ya zama holoƙo. Kiɗan da ƙarfinsa ke cikin kaushin jita, in ka matse shi ka kashe rabinsa. Yanzu in na je nakan ce ya ba ni MP3 mai 320, wato wanda ba a matse sosai ba, ko da waƙoƙin za su ragu, kuma yana yi ba musu.

Na uku shi ya fi ƙona mini rai. Na sayi memori a wurinsa, an rubuta 32GB a jiki. Ya cika mini, na tafi. Bayan kwana huɗu rabin waƙoƙin suka ƙi buɗewa, har da hotunan sunan ɗiyata da na mayar ciki. Jabu ne, cikinsa bai kai abin da aka rubuta ba. Da na koma bai yi gardama ba, ya ce shi ma a kwali ya saro su, ya mayar mini da kuɗina ya sake tura waƙoƙin kyauta. Hotunan dai sun tafi. Duk mai zuwa ya zo da memorinsa daga inda ya amince.

Akwai kuma maganar haƙƙi, wadda ta daɗe tana damuna. Naira 200 da nake ba shi ladan datarsa ce da rashin barcinsa, ko kwabo ba ya isa ga wanda ya yi waƙar. Waɗanda suka ba da tasu kyauta, to, sun yafe. Amma akwai waɗanda suka sa farashi, kuma mutanen nan ba attajirai ba ne, wasu leburori ne irina da ke waƙa bayan an tashi aiki. Na yi masa maganar, ya yi shiru, sannan ya ce, "Gaskiya ta, Injiniya, amma wa zai biya dala a nan?" Ban da amsar da ta wuce abin da muka gwada. Mu biyar masu jin Hayaniya, ni da wani malamin firamare, da ɗalibai biyu na kwalejin kimiyya da fasaha ta Waziri Umaru, da wani mai walda, muka fara haɗa kuɗi muna sayen kundi ɗaya duk wata. Bandcamp yakan cire kashi 15 cikin 100 na kuɗin waƙar da aka saya, saura ya tafi ga mawaƙi ko kamfaninsa bayan kuɗin hada-hada, kuma tun Maris 2020 suna ware wasu ranakun Juma'a da suke yafe nasu kason gaba ɗaya. Irin ranar muke jira. Karon farko katin bankina ya ƙi wucewa har sau uku, sai da ɗaya daga cikin ɗaliban ya yi amfani da nasa. Na san kundi ɗaya a wata bai biya abin da muka ji ba. Mai shagon dai ya yarda ya raba foldar biyu, waɗanda masu su suka bayar kyauta daban, waɗanda ake sayarwa daban da sunan mai su a rubuce, don wanda Allah ya hore wa ya san inda zai kai kuɗinsa.

In za ka je, kada ka je da safe, lokacin masu karɓar waya ne, ba zai samu sukunin zama da kai ba. Ranar Juma'a ma sai bayan an sauko yake buɗewa. Ka bari sai bayan la'asar, ka ce masa foldar Hayaniya kake so, ka faɗa masa abin da ka saba ji, ko da Ɗanƙwairo ne ko Sani Ɗandawo, shi zai san ta inda zai fara da kai. Ni shekaranjiya ya tura mini kundin wasu 'yan mata uku masu pank, duka bai kai minti ashirin ba, ya ce kada in buɗe sai na isa fadama. Gobe da sassafe ina da inji biyu a Ambursa.