Mita ko na'urar karanta lamba: amsa ga mai Tahoe ɗin da ta nuna P0449

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Tsakanin biyun da ka ambata, wato ƙaramar na'urar da ake soka wa mota ta turo lambar matsala cikin wayar hannu, da mitar auna wuta, sayi mita. Lambar ai ka riga ka samu tun da suka jona maka kwamfuta a warsha, wato garejin gyara.

P0449 ba ta ce bawul ya mutu ba. Cewa ta yi akwai matsala a hanyar wutar bawul ɗin da ke shigar da iska cikin gwangwanin gawayi, wanda ke tara tururin fetur daga tanki. Hanyar kuwa ta haɗa da fis, da waya biyu, da soket, da shi kansa bawul ɗin, sannan kwamfutar mota. Cikinsu kowanne ya lalace, lamba ɗaya za ka gani.

Yukon gare ni ƙirar 2008, ita da Tahoe duk ƙirar kamfanin GM ne, da ita nake jigila tsakanin Jidda da Makka. Da fitilar inji ta kama, na sayi sabon bawul na ɗaura, kwana biyu ta dawo. Wani dattijo mai wayarin a sana'iyya, unguwar masu gyaran mota, mutumin Damagaram, shi ya ce in sauke safaya taya in kwanta ƙarƙashi, ya miƙo mini mitarsa. Na kunna makulli ban tayar da inji ba, na cire soket, na auna: waya ɗaya ya kamata ta ba da bolt 12, sai ta ba da sifiri. Fis kuma lafiya lau. Ya ce, "Ja wayar a hankali, yaro." Ina ja sai robar ta miƙe kamar cingam. Ashe tagullar ciki ta katse, tazarar ɗan yatsa daga soket, robar waje kuwa ko ƙwarzane babu. Zafi da girgiza suka cinye ta. Ya haɗa, ya naɗe, fitila ba ta sake kamawa ba. Ranar na sayi tawa mitar, har yau tana aljihun ƙofa, da ita nake duba batir duk lokacin zafi.

Na'urar lambar ma ina da ita. Tana karanta lamba, tana gogewa, iyakarta ke nan. Irin masu arahar nan galibi ba sa iya umartar bawul ya rufe, wanda shi ne gwajin da kake bukata.

Idan mita ta zo hannunka, fara da fis, sannan wutar soket kamar yadda na faɗa. In wuta na zuwa, juya mita zuwa om, ma'aunin yadda abu ke tauye wuta, ka ɗora a ƙafafun bawul biyu. Nawa om 20 da 'yan kai ya nuna. In mitar ba ta motsa ba sam, zaren ciki ya katse. In ta faɗi kusa da sifiri, ya haɗe. Daga nan ciro shi gaba ɗaya, ka yi nesa da tanki, ka hura: wannan bawul a buɗe yake zama idan babu wuta, iska za ta wuce. Ba shi wuta kai tsaye daga batir, za ka ji ƙas, iska ta tsaya. In duk wannan ya yi daidai, saura waya ta biyu, wadda ke tafiya wurin kwamfuta. Ita kada ka kuskura ka ba ta wuta, kai wa mai wayarin ya bi ta. Kuma don Allah ban da taba, ban da tartsatsi a ƙarƙashin nan, tururin fetur ba ya jira.

Ƙurar ƙasar nan ta Saudiyya ma tana da nata. Takan cika bawul ɗin ta toshe shi, amma a motocin GM wannan ya fi fitowa da P0446, kuma za ka lura a mahaɗɗa, wato gidan mai, famfo yana ta yankewa tun tanki bai cika ba. In kana ganin haka, faɗa mana. Sannan ka hana yaran gidan mai ƙara matsawa bayan famfo ya yanke don kuɗi su cika riyal. Man da ya wuce kima gangarawa yake cikin gawayin ya jiƙa shi, gwangwanin kuma ya fi bawul tsada nesa ba kusa ba.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da masu kaya. Akwai mai sa na tijari, wato wanda ba na kamfani ba, cikin kwalin asali ya karɓi kuɗin asali. Akwai wanda zai miƙo maka ɗaya bawul ɗin, na kan inji, ya ce duk ɗaya ne, alhali shi a rufe yake zama, aikinsu ya saba. A tashlih kuma, inda ake sayar da kayan matattun motoci, sukan wanke tsoho ya yi ƙyalli, cikinsa cike da ƙasa. Je da lambar jikin mota da ke kan istimara, wato takardar rajistar mota, je da tsohon a hannu, ka auna nasu a gabansu kafin ka biya. Wanda ya ce maka kwamfuta ce ta ƙone bai ko sunkuya ƙarƙashin motar ba, ɗauki makullinka ka tafi.

Ba sai mita mai tsada ba, wadda ke auna bolt da om ta wadatar. Ka auna, ka turo mana abin da soket ya nuna da abin da bawul ya nuna, sai mu ga inda za a dosa. Allah ya sa abin ya tsaya a waya.