Kayan sanyin masu fatsa a kan ƙanƙara: saƙo daga Winnipeg zuwa Kasuwar Barci

Kawu, ina gaisuwa, da fatan kuna lafiya, ku da su Inna da yaran gida. Ya kasuwa, ya kuma hunturun bana? Kun ce in dubo muku yadda mutanen nan Kanada suke zaɓar kayan sanyi, tunda da yawa daga abin da kuke kwancewa a dila daga irin ƙasashen nan ya taso. To ni dai ban ga inda ake yi wa tufa gwajin gaskiya kamar wurin masu kamun kifi a kan ƙanƙara ba, don haka ta nan zan ɓullo.

A Janairu ba abin mamaki ba ne Winnipeg ta wayi gari da digiri 30 ƙasa da sifili. Tafkin Winnipeg, wanda ake isa gaɓarsa ta garin Gimli cikin kamar awa guda a mota, yakan daskare har kaurin ƙanƙarar ya kusa mita guda wajen ƙarshen sanyi. Mutane su hau da motoci, su huda rami da na'ura, su zura fatsa su zauna. Zaman nan shi ne wuyar. Mai tafiya jikinsa na hura masa ɗumi. Mai fatsa kuwa yana wuri guda tun hantsi har la'asar, ƙanƙara a ƙarƙashin tafinsa, iska kuma babu bishiya ko gini da zai tare ta.

Abu na farko da kowa zai gaya wa baƙo shi ne ya rabu da auduga. Mu da muka tashi a Kaduna, garin da unguwar Kakuri ta yi suna da masaƙu tun buɗe masaƙar KTL a 1957, wannan magana tana da nauyi a kunne, amma gaskiya ce. Kafin mutum ya ja kayansa ya huda rami ya yi zufa, auduga ta shanye ta riƙe, yana zama sai jiƙaƙƙiyar singiletin ta koma abin da ke zuƙe masa ɗumi. Shi ya sa abin da ke taɓa fata yake zama ulun tumakin merino ko zaren roba mai saurin bushewa. A kai a ɗora suwaita mai kauri, sannan ta waje wadda iska da ruwa ba sa ratsawa. Hawa uku ke nan, kuma amfaninsu a iya cire ɗaya lokacin aiki a mayar lokacin zama. Babbar jaket guda ɗaya a kan rigar auduga, irin shigarmu ta asubar hunturu, a nan ba ta kai mutum azahar.

Takalmi ne ya fi cin kuɗi, kuma shi ya fi cancanta. Sunayen da aka fi ji su ne Baffin da Sorel da Kamik, dukkansu asalinsu Kanada. Mai kyau yana da tafi mai kauri sosai, ƙasansa roba, a ciki kuma da wani takalmin na ulu ko soso da ake zarewa a shanya da dare. Wannan na cikin shi ne sirrin, domin ƙafa tana zufa ko a cikin tsananin sanyi, kuma takalmin da bai bushe ba gobe ba shi da amfani. Sukan rubuta lamba a jiki, wani 40 ƙasa da sifili, wani har 100. Masu fatsa ba sa ɗaukar lambar nan kamar yadda take, suna cewa da mai motsi aka yi lissafin, don haka mai zama ya nemi wanda ya zarce buƙatarsa nesa. Sannan a sayi wanda ya ɗara ƙafa, yatsu su samu wurin motsi. Wanda ya cusa safa mai kauri biyu a matsattsen takalmi ya tare wa kansa jini, ƙafarsa ce za ta fara mutuwa. Siririyar safa ɗaya a ciki, ta ulu ɗaya a kai, ya isa. Akwai kuma ƙarafa masu haƙora da ake ɗaura wa tafin don santsi.

Hannu ma haka: safar da ta haɗe yatsu huɗu wuri guda ta fi mai rarrabe yatsu ɗumi, sai dai ba a ɗaura ƙugiya da ita, shi ya sa ake sa siririya a ciki. Af, dokar lardin Manitoba, inda Winnipeg take, ta ce dole a danne ƙayar ƙugiya kafin a jefa, kuma sai da lasisi. Ku faɗa wa masuntan Kabala su ji.

Masu fita farkon sanyi, lokacin da ƙanƙara ba ta gama kauri ba, suna sayen riga da wando masu hana nutsewa, su rataya wasu tsinin ƙarfe biyu a wuya don kafawa a ƙanƙara su jawo kansu idan ta fashe. Ƙasa da santimita 10 ba a yarda mutum ya taka ba. Wani farfesa na Jami'ar Manitoba, Gordon Giesbrecht, shi ya yaɗa ƙa'idar 1-10-1: wanda ya faɗa ruwan ƙanƙara yana da minti 1 ya daidaita numfashi, minti 10 da gaɓoɓinsa za su yi masa aiki, da kimanin awa 1 kafin sanyi ya sumar da shi. Kayan nan a kan waɗancan minti goman aka yi su.

Yanzu ciniki, wanda na san shi kuka fi son ji. Babu taya, babu albarka. Abin da aka rubuta shi ne, kuma ba shi za ka biya ba ma, don sai a wurin biya ake ɗora haraji, kashi 5 na tarayya da kashi 7 na lardi. Takalmin kirki sabo yakan haura dala 200. Mai haƙuri ya jira 26 ga Disamba, washegarin Kirsimeti, ko ƙarshen sanyi lokacin da suke neman rabuwa da kaya. Inda suka fi mu shi ne rasit: ka kai gida ka ga bai yi maka ba, ka mayar cikin kwanakin da suka yanka, a ba ka kuɗinka ba tare da rantse-rantse ba. Inda muka fi su kuwa gyara. Zif ya lalace a nan, kuɗin tela zai sa ka yi tunanin sabuwar jaket, kuma sai ka jira kwanaki. A Tudun Wada kafin ka shanye shayi an gama. Mai gyaran takalma da ke yawo da akwatinsa layi-layi, a nan babu shi sam.

Suna da gwanjonsu su ma, irin su Value Village, kaya a rataye da farashi a manne. Wani ɓangare na abin da bai shiga ba a irin waɗannan kantuna ake ɗaurewa a dila a fitar waje, don haka ku riƙa duba 'yar takardar da ke ɗinke a ciki kafin ku zuba a tuli. Jaket mara nauyi da aka cusa wa lallausan gashin agwagwa, mai lamba 600 ko 700 ko 800, kaya ce mai tsada, kuma yawan lambar yawan kyanta. Sai dai da ta jiƙe ta tashi aiki, saboda haka kada ku sayar wa mai shiga kogin Kaduna da asuba, shi mai cikon roba ta fi masa. Ɗan acaɓa kuwa iska ce ke damunsa, ku nuna masa mai tare iska ko da siririya ce.

Game da ɗanku da zai zo karatu, ku tsince masa suwaitar ulu da hulunan sanyi da dogon wandon ciki daga rumfarku, nan za su yi masa tsada. Takalmi ku bari sai ya iso, zan kai shi ya gwada da safar da zai riƙa sawa.